Lamba Sha Huɗu Ba Ya Makara

Zuwa ga Uwar Fili,

Inna, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Alhamis mai zuwa, domin bayan Alhamis ba shawara zan buƙata ba, jaje zan buƙata. Na san masu rubuto miki yawanci maganar aure suke kawowa ko ta dangi. Ni tawa ta kwamfuta ce, amma kada ki ture ta gefe. Akwai mutum a cikinta, mutumiyar kirki ma kuwa, kuma ni ne na jefa ta ciki da hannuna ina murmushi.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfani mai ma'aikata arba'in da 'yan kai. Aikinmu shigar da bayanai. Ana turo mana hotunan takardun da mutane suka cike da hannu, ma'aikatanmu su karanta su buga, fom bayan fom, daga takwas na safe zuwa biyar. Bara aka ce a rage ofis, kowa ya koma aiki daga gida, sai aka kwashe kwamfutocinmu aka mayar da su abin da ake ce wa girgije. Kada sunan ya ruɗe ki, ba sama suka hau ba. Ainihin kwamfutar kowa tana can cikin injinan wani kamfani mai nisa da muke haya, wadda ke gaban ma'aikaci a gida kuwa taga ce kawai da yake leƙa waccan ta intanet. In ya danna harafi a ɗakinsa, sai harafin ya yi tafiya har can, ya dawo, sannan ya fito a allonsa. In hanya lafiya, ba zai ma san an yi tafiya ba. In hanya ba lafiya, sai ya buga kalma ya zauna yana jiran isowarta.

Tun makon farko wayata ta daina hutawa. Kowa magana ɗaya: kwamfuta ta yi nauyi. Ina cin abinci, ta yi nauyi. Ina wanka, ta yi nauyi. Har wanda na san bai tashi daga barci ba sai tara zai bugo ya ce tun takwas yake fama ta ƙi buɗewa. Duk laifin duniya ya dawo kaina. To sai na ce zan kafa na'urar sa ido. Zan gaya miki gaskiya tunda ba ki san fuskata ba: ba kishin aiki ne ya sa ni ba. So nake in wanke kaina, in samu abin da zan nuna wa mutane in ce ga shi nan, ba daga wajena ba ne.

Mako uku na yi ina harhaɗa ta. Na sa wa kowace kwamfuta wata 'yar manhaja mai kai rahoto: daƙiƙa nawa mutum ke ɗauka kafin ya shiga, nauyi nawa injin ke ɗauke da shi, ma'ajiyarsa ta cika ko da saura. Na tara duka a allo ɗaya mai kyan gani, kowace kwamfuta da ɗigonta. Kore lafiya, rawaya a lura, ja a tashi tsaye. Na haɗa shi da wayata don ya riƙa yi mini ƙara in wani ɗigo ya yi ja. Ranar farko ƙara ɗari uku na ƙirga. Rana ta uku matata ta ce ko in san yadda zan yi da wayar, ko ta jiƙa ta tare da wanki. Sai na zauna ina ɗaga iyakar da ke sa ɗigo ya yi ja, ina ɗagawa, ina ɗagawa, har wayar ta yi shiru. Na dubi allo ya yi kore shar daga sama har ƙasa, na ce alhamdulillahi an gyara.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma masana sun ce sa ido bai cika ba sai an yi ma'aikacin gwaji, wato manhajar da za ta riƙa kwaikwayon mutum: ta shiga, ta buɗe fom, ta cike, ta ajiye, don a ga ko komai na tafiya kafin mutane su fara kuka. Na rubuta ta da kaina, kuma ba yabon kai ba, ta yi kyau. Sai dai tana buƙatar akawun, wato sunan shiga da lambar sirri, da za ta riƙa shiga da shi. Buɗe sabon akawun a kamfaninmu kuwa fom ne mai sa hannun mutum uku, ɗayansu ban taɓa samunsa a kujerarsa ba tunda na fara aiki.

A daidai lokacin wani dattijo ya yi ritaya, muna ce masa Malam Tsanaki, don da yatsa biyu yake buga kibod, yana karanta kowane harafi a fili kafin ya danna. Akawun ɗinsa shi ne lamba sha huɗu. Aikina ne in rufe shi ranar da ya tafi, na kuma sa hannu a takarda cewa na rufe. Ban rufe ba. Na ce ara zan yi na mako guda kafin fom ya fito. Wata biyar ke nan, fom ɗin ma ban san inda na ajiye shi ba.

Tun daga ranar, Lamba Sha Huɗu yake shiga aiki ƙarfe takwas daidai, ko daƙiƙa ba ya ƙarawa. Kowane minti biyar ya cike fom ɗaya na gwaji ya ajiye, ni kuma in share su ranar Juma'a. Ba ya zuwa cin abinci, ba ya zagayawa, ba a kiransa daga makarantar yara. Fom ɗari da takwas a rana, alhali gwanayenmu da ƙyar suke kai saba'in. Ɗigonsa bai taɓa yin ko rawaya ba.

Wata uku da suka wuce aka kawo mana sabuwar manaja. Mace ce mai son lissafi, ba ta da mugunta, amma in ba ka zo mata da alƙaluma ba to ba ka yi magana ba. Ta ji labarin allona ta ce in nuna mata. Inna, da kin ga yadda na baje shi a gabanta, ina nuna nan ina nuna can. Ta yaba mini, ta ce a duk kamfanin ni kaɗai nake aiki da ilimi. Kaina ya kumbura. Da ta ce in riƙa fitar mata da bayanan kowane mako, ban ma tambaye ta me za ta yi da su ba.

Ashe jadawali ta yi da su, ta jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe: wa ke shiga da wuri, wa ke gama fom da sauri, wa ke yawan ƙorafi. Kuma saboda tsabar adalci ta ce ba ta son ganin suna, lamba kawai, don kada a ce ta yi son kai. Lambobin nan kuwa na shiga kwamfuta ne, daga mai lambar sai ni muka san su. A taron wata na farko, kowa na kallonta ta allo daga ɗakinsa, ta ce akwai bawan Allah guda a cikinmu da ya nuna cewa na'ura lafiyarta ƙalau, matsalar daga mutane take. Ta ce duk wanda ke cewa kwamfuta ta yi nauyi ya je ya tambayi Lamba Sha Huɗu wace irin kwamfuta aka ba shi.

Na so in yi magana a lokacin, wallahi na so. Har na kai hannu zan buɗe makirufo. Sai na tuna takardar da na sa wa hannu, na mayar da hannuna aljihu.

Ki zo ki ga zauren hirarmu na waya bayan taron. Wani ya ce Lamba Sha Huɗu ba shi da iyali, in yana da su to sun gudu. Wata ta ce ko waye shi Allah ya isa tsakaninta da shi. Wani ya rantse ya san ko waye, ya kama sunan wani bawan Allah da ba ruwansa, har yau ba sa gaisawa. Ni ma don kada a zarge ni na tura fuskar dariya, na rubuta cewa irin waɗannan mutanen su ke ɓata wa kowa aiki. Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a ƙasan raina daɗi nake ji. Abin da na rubuta da hannuna ya kayar da mutum arba'in.

Yanzu ga inda maganar take. Wadda ke ƙarshen jadawali, wata uku a jere, ita ce lamba talatin da ɗaya, kuma ni kaɗai na san ita ce Gwaggo. Duk ofis haka ake kiranta, amma ni Gwaggona ce da gaske, aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata. Ita ta ɗauki takarduna ta kai su kamfanin nan lokacin da na shekara biyu ina zaman banza. Shekararta sha biyu tana buga fom, kuma a ofis babu mai kamo ta a rashin kuskure. Gidanta yana can ƙarshen gari inda netwok ke zuwa in ya ga dama. Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci. Teburin aikinta na matse tsakanin gadonsa da taga, don a nan ne kaɗai ake samun sanda biyu ta netwok.

A farkon komawa gida Gwaggo ta fi kowa kirana. Takan ce, ɗan nan, abin nan fa tsayawa yake yi. Ni kuma in ɗauki hoton ɗigonta kore in tura mata, in rubuta: daga nan komai lafiya, Gwaggo. Na duba, sau goma sha tara na tura mata hoton nan. Daga baya ta daina kira, na sa ta cikin matsalolin da na magance.

Asabar da ta wuce mahaifiyata ta aike ni gidanta da saƙo. Na same ta zaune bakin gado da wani tsohon kibod a cinya, igiyarsa na reto a ƙasa ba a jona ta da komai ba, tana ta bugawa. Na ce Gwaggo me ake yi haka? Ta yi dariya ta ce atisaye take, minti talatin kullum bayan ta ba Baba, wato mijinta, magani, ko yatsun za su tuna da aikinsu. Ta ce da tana ɗora wa kwamfuta laifi, amma tunda ni da kaina na duba na ce lafiya, ga kuma wani yana yin ɗari da takwas da irin kwamfutar, to ta yarda tsufa ne ya zo. Ta ce ita ba ta cikin masu zagin yaron nan Sha Huɗu, addu'a ma take yi masa kullum, Allah ya yi wa iyayensa albarka da suka koya masa riƙon amana.

Na ce ta kunna mini kwamfutar aikin in gani. Na zauna a kujerarta, gwiwata na gugar gadon Baba, na buga kalma ɗaya. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan haruffan suka fito a jere. Na goge, na sake ƙirga uku. Haka matar nan take buga fom arba'in a rana, wata da watanni, tana jiran kowace kalma, kuma ba ta yin kuskure.

Litinin da safe na koma cikin allona ina tono. Sai ga wani ɗan akwati da ban taɓa dannawa ba, mai auna tsawon tafiyar da harafi ke yi daga gidan ma'aikaci zuwa can ya dawo. Duk wata biyar ɗin nan lafiyar injinan can nake aunawa, su kuwa ƙalau suke, suna cikin sanyi, ba abin da ya dame su. Hanyar da mutane ke bi su isa gare su ban taɓa auna ta ba. Shi kuma Sha Huɗu a cikin injinan na zaunar da shi, ɗaki ɗaya da aikinsa, ba ya taka hanyar ko sau ɗaya. Na danna akwatin. Kafin azahar ɗigo sha ɗaya sun yi ja, na Gwaggo ya fi kowanne. Na kuma gano rabin nauyin ma ni na jawo shi: na bar ingancin hoton allo a ƙololuwa, wanda layi mai rauni ba ya iya ja, kuma cikin wuraren ajiya biyu da aka ba mu zaɓi na bar mu a mafi nisa, don shi ne ya fara fitowa a jerin.

Ranar Alhamis akwai babban taro a ofis, kowa zai zo da ƙafarsa. Manaja za ta ba Lamba Sha Huɗu lambar yabo, ta kuma ba ukun ƙarshe takardar sallama. Ta ce in kawo mata sunayen su huɗun ranar Laraba don a rubuta na gwarzon a jikin allon yabo. Dokar kamfaninmu kuwa ta ce duk wanda ya yi amfani da akawun ɗin wani, kora ce ba gargaɗi. Na san dokar da kyau, ni na rubuta ta.

Na yi ta saƙa da warwara. Na ce ko in kashe Sha Huɗu in ce ya ajiye aiki ya bar gari. Na ce ko in rage masa gudu a hankali, ya fara makara, ya riƙa zuwa cin abinci kamar kowa, har jadawalin ya daidaita. Har lambar Malam Tsanaki na nemo, da tunanin in roƙe shi ya sa babbar riga ya zo ya karɓi yabon, sai na tuna duk ofis an san gudun yatsunsa. Na gaya wa matata komai. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta dubi cikinta, wata bakwai ke nan, ta tashi ta shiga kicin ba ta ce komai ba.

Ina jin tsoro, Inna, ba zan ɓoye miki ba. In na yi shiru Gwaggo ta tafi, kuma za ta tafi tana ganin laifin yatsunta ne. In na yi magana ni zan tafi. Akwai wata hanya ta uku da ban gani ba?

Naki cikin damuwa,
Uban Sha Huɗu


Ɗana,

Na ture wasiƙu uku na sa taka a gaba saboda Alhamis ɗinka. Da farko ina taya ka murna. Mutane da yawa sun haifi 'ya'ya ba su samu ko ɗaya da ya zama gwarzon ma'aikaci ba, kai ga naka tun yana wata biyar.

To mu bar wasa. Ni da kwamfuta sai gaisuwa, amma ka yi bayani yadda har na gane, kuma abin da na gane shi ne wasiƙarka ba ta kwamfuta ba ce. Hanya ta uku da kake nema ka riga ka kawo guda uku, bari mu dube su. In ka kashe Sha Huɗu ka ce ya bar gari, jadawalin na nan, Gwaggo na ƙarshensa, kuma manajar da ke son alƙaluma za ta nemi fayil ɗin gwarzonta a ofishin ma'aikata, ta tarar ya yi ritaya tun kafin ta zo. In ka koya masa makara da zuwa cin abinci, ka tashi daga mai sakaci ka koma mai ƙirƙirar bayanan ƙarya da gangan, kuma kafin ya gama lalacewa Alhamis ta wuce. Shi kuwa Malam Tsanaki ka bar shi ya ci ritayarsa lafiya. Ya isa haka, wata biyar yana aiki bai sani ba. Duk dabarun nan uku kai suke ceto, ko ka lura babu wadda ta taɓa Gwaggo?

Ba zan ce tsoronka banza ba ne. Mai ciki wata bakwai a gida ba abin wasa ba ne, kuma shirun da matarka ta yi magana ce, na ji ta. Ba zan kuma yi maka alkawarin ba za a kore ka ba, ban san manajarku ba. Amma ka auna da kyau. Maganar nan fitowa za ta yi ko ka so ko ka ƙi, domin an riga an sayi allon yabo, dole a rubuta suna a jikinsa. Zaɓin da ya rage maka shi ne ko ta fito daga bakinka ranar Talata a ofis, ƙofa a rufe, ko ta fito da kanta ranar Alhamis a gaban mutum arba'in da suka yi wata uku suna tsine wa ɗanka. Wanda ya kawo kansa akan yi masa sassauci sau da yawa. Wanda aka kamo kuwa, ga shi ya bar shugabarsa ta yi wata uku tana yabon manhaja a bainar jama'a, ban ga ta inda zai fita ba.

Ita ma manajar a yi mata adalci. Ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da ka ba ta ta yi aiki da shi, har ta rufe sunaye don kada ta zalunci kowa. Kuskurenta shi ne ta ɗauki ma'aunin inji ta auna mutane da shi, ba ta tambayi me yake aunawa ba. Kai kuma ka ga tana yi ka yi shiru saboda ta ce kai kaɗai kake aiki da ilimi. Don haka in ka shiga wajenta kada ka shiga da ɗaga murya, kada kuma ka shiga da kuka. Ku biyu kuka yi kuskuren nan, kai ne dai ka riga ta sani.

Ka nemi ganinta ranar Talata, kada ka jira Laraba. Ka fara da laifinka, a taƙaice, ba tare da tarihin mutumin da ba ya zama a kujerarsa ba: akawun ɗin wane ne, ka sa hannu ka rufe, ba ka rufe ba, ga abin da ke gudana a ciki. Kada ka goge komai kafin ka shiga, kada ka rufe akawun ɗin a ɓoye. Bayanan da ke ciki su ne shaidarka cewa fom ɗin gwaji kaɗai aka taɓa. Ku rufe shi tare, a gabanta.

Sannan, tunda harshenta alƙaluma ne, ka yi mata magana da shi. Ka fitar mata da jajayen ɗigon nan sha ɗaya, ka ajiye su kusa da ƙarshen jadawalinta, ta ga da idonta ko ba mutanen ba ne. Ka nemo adadin kuskuren kowa a fom, wanda jadawalin bai taɓa kulawa da shi ba, don ina zaton a nan lamba talatin da ɗaya za ta ba ta mamaki. In da hali, ka sa kwamfutarta ta riƙa jinkiri irin na gidan Gwaggo, ka roƙe ta ta buga fom ɗaya tak. Minti biyar na ƙirga ɗaya, biyu, uku zai yi maka aikin da shafi goma ba zai yi ba. Abin da za ka roƙa guda ɗaya ne, kuma ba naka ba ne: a dakatar da takardun sallamar nan har a gyara hanya a sake aunawa. Makomarka ka bar mata, kada ka yi ciniki da ita.

Abin da ke hannunka kuwa ka gyara shi yau, ba sai ka nemi izinin kowa ba: ka sauke ingancin hoton nan ga masu raunin layi. Maganar matso da ku wurin ajiya mafi kusa ka rubuta ta a takarda ka kai mata, ta ga ka zo da magani ba da ciwo kaɗai ba. In Allah ya sa ka tsira da aikinka, ka cike fom ɗin nan mai sa hannu uku ko da za ka yi zaman dirshan a ƙofar mai kujerar, ka ba ma'aikacin gwajinka suna da ko makaho zai san ba mutum ba ne, ka zaunar da shi a ƙarshen gari inda layi ya fi wahala. Iyakokin da ka ɗaga don wayarka ta yi shiru ka mayar da su inda mutane ke fara jin ciwo. Daga yau kuma, in mutum ya ce abu ya yi nauyi allo ya ce kore, ka fara zargin allon. Matarka ka zaunar da ita kafin Talata ka gaya mata abin da ka yanke, kada ta ji shi bayan an gama. Ka kuma sabunta takardunka na neman aiki, ba don na fitar da rai ba, don hankali.

Amma duk wannan na Talata ne. Akwai na yau, kuma shi ya fi mini nauyi. A cikin wasiƙarka ba akawun ɗin aro ne ya tsaya mini a rai ba, ba ma takardar da ka sa wa hannu ba. Hoton nan ne guda goma sha tara. Mace ta gaya maka gaskiya sau goma sha tara, ka amsa mata da ɗigo, har ta daina yarda da hannunta. Manaja na iya mayar mata da aikinta, amma wannan kai kaɗai za ka iya mayar mata da shi. Kada ka yi ta waya. Ka je gidan, ka gaida Baba, ka durƙusa yadda aka koya maka, ka ce Gwaggo ke ce da gaskiya tun ranar farko, yatsunki lafiyarsu ƙalau, ni ne ban auna ba. Ka karɓi tsohon kibod ɗin nan daga cinyarta ka ajiye shi a saman kabad. In ta yi faɗa ka sunkuyar da kai ka sha, ka ci bashinsa.

In ta huce, ka gaya mata ko waye Sha Huɗu. Ka ce mata addu'ar da take yi wa iyayensa kullum ba ta faɗi ƙasa ba, uban nasa ne durƙushe a gabanta, kuma ranar Talata yana buƙatarta fiye da kowa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ba Baba sauƙi.

Uwar Fili